Wankin haƙoran dabbobi a wani asibiti mai zaman kansa a Sakkwato: abin da na gani da idona

Mussar mahaifiyata, wadda muke kira Fara, ta shekara takwas tana kwana a ƙarshen gadon Inna a gidanmu na Mabera, kuma a tsawon waɗannan shekaru ba mu taɓa ganin ta juya wa kifi baya ba sai a daminar bara. Takan zo gaban kwanonta da sauri kamar yadda ta saba, ta shinshina, ta ɗauki tsoka guda, ta karkata kai gefe ɗaya tana ƙoƙarin taunawa, sai kuma ta saki naman ta ja da baya kamar wani abu ya harbe ta. Gashinta da a da yake sheƙi ya cukurkuɗe saboda ta daina lasar jikinta, kuma idan ta yi hamma kusa da mutum sai ya kau da fuska. Inna ta ce tsufa ne, ni ma na yarda da ita har na tsawon makonni, sai ranar da ƙanwata ta nuna mini ɗigon jini gauraye da miyau a kan zanen da Fara take kwanciya.

A daidai wannan lokaci kuma karen da yake gadin tumakinmu a garkarmu ta wajen Kwalkwalawa, Duna, ya fito da wani kumburi a ƙarƙashin idonsa na dama. Kumburin yakan fashe ya zubar da mugunya, yaron da yake kula da garkar ya fesa masa maganin rauni mai launin shuɗi da ake fesa wa awaki, wurin ya kame, bayan mako biyu ko uku kuma ya dawo inda yake. Mun zaci sara ne ko cizon wani kare. Ko kusa ban kawo a raina cewa ciwon mussar da na karen tushensu ɗaya ba, wato baki.

Waɗannan dabbobi biyu na kai wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato, inda aka yi musu wankin haƙori tare da cire waɗanda suka lalace. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai abubuwan da zan yaba akwai kuma waɗanda zan kushe, kuma abin da nake so mai karatu ya samu shi ne ma'aunin da zai auna duk asibitin da ya shiga, ko na gwamnatin jiha ne, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko na 'yan kasuwa irin wanda na je.

Abu na farko da ya sa na fara ganin ƙimar wurin shi ne tambayar da aka tarye ni da ita. Kafin kowa ya taɓa bakin Duna, likitar ta ce, “Malam, ina katin rigakafin haukan kare?” Na miƙa mata, ta duba kwanan watan allurar ƙarshe, sannan ta tambaya ko halinsa ya sauya a 'yan kwanakin nan, ko yana cizon abin da bai saba cizo ba, ko wani baƙon kare ya cije shi. Fara ba ta da kati, domin kamar yawancin mutanen garinmu ban taɓa tunanin mussa ma tana buƙatar wannan allura ba. Likitar ta bayyana mini cewa zubar da dalala da kasa haɗiya alamu ne da ciwon baki da ciwon hauka suke tarayya a kansu, cewa cutar tana bin miyau ne ta shiga jikin mutum ta cizo ko ta rauni, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Saboda haka ta sa safar hannu mai kauri, aka naɗe Fara cikin tawul, ta yi tambayoyi masu yawa a kan tsawon lokacin da ciwon ya ɗauka kafin ta ɗaga leɓenta. Ina ganin wannan ya kamata duk mai dabba ya riƙe: kada ya cusa yatsa cikin bakin kare ko mussar da ba a yi wa rigakafi ba kuma ta fara dalala farat ɗaya, a kai ta wurin likita.

Da aka ɗaga leɓen, na ga abin da shekara takwas ban taɓa dubawa ba. Haƙoran gaba ƙanana da fiƙoƙin ba su yi muni sosai ba, amma haƙoran tauna na can ciki sun ɓace ƙarƙashin wata kanta mai launin ƙasa-ƙasa, mai tauri kamar busasshen siminti, dasashin da ya kewaye su kuma ya yi ja wur, ya kumbura, da ta ɗan taɓa shi da auduga sai jini ya biyo. Likitar ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗauki takarda ta zana haƙori da saiwarsa, ta nuna mini cewa ciwon yana farawa ne da wata dauɗa mai yauƙi wadda ƙwayoyin cuta suke haɗawa da miyau da ragowar abinci, wadda take sake kwanciya a kan haƙori cikin sa'o'i kaɗan bayan an goge shi. Idan aka bar ta 'yan kwanaki, sinadaran da ke cikin miyau sai su daskarar da ita ta zama wannan kanta da buroshi ba ya iya cirewa. Matakin farko shi ne jan dasashi, kuma a nan idan an wanke baki dasashin yana komawa lafiya ƙalau. Idan aka wuce wannan mataki, ƙwayoyin cutar sukan gangara ƙarƙashin dasashi su ci jijiyoyin da suke riƙe haƙori da ƙashin muƙamuƙin da yake zaune a ciki, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa. Ta ce likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa mafi yawan karnuka da mussoshi suna da wani mataki na wannan ciwo tun suna shekara 3, sai dai dabba tana ɓoye zafi, tana ci gaba da cin abinci da ɓangare ɗaya na baki har sai abin ya fi ƙarfinta.

Wannan bayani, wanda bai wuce minti goma ba, a wurina yana cikin abin da na biya kuɗi dominsa. Na sha kai tumaki wuraren da za a yi allura a karɓi kuɗi ba tare da an gaya wa mutum sunan ciwon ba.

Sha'anin Duna ya fi ba ni mamaki, kuma ya rushe wani abu da na taso da shi. Mu dai mun san cewa ƙashi shi ne aswakin kare, saboda haka duk ranar da na biya ta mahauta nakan sayo masa ƙashin ƙafar saniya, ina ganin gata nake yi masa. Likitar ta nuna mini babban haƙorin tauna na sama, wanda kare yake yanka nama da shi kamar almakashi, sai ga shi ya tsage, ɓallen gefensa ya fita, tsakiyarsa ta yi baƙi. Ta ce wannan haƙori saiwa uku gare shi, kuma saiwoyin suna zaune ne daidai ƙarƙashin ido, don haka idan ya fashe ƙwayoyin cuta suka shiga cikinsa, mugunyar takan nemi hanyar fita ta fatar fuska. Ke nan duk feshin da muke yi a waje banza ne, tunda mafarin mugunyar yana cikin ƙashi. Ƙashi mai tauri irin na ƙafar saniya yana fasa haƙori, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki dasashi ko maƙogwaro ko hanji. Ta kuma yi magana a kan tuwo da shinkafa da ragowar miya da muke zuba wa dabbobin gida, ta ce abinci mai laushi yana manne wa haƙori kuma ba ya goge komai, amma ba ta ce in daina ba su ba, ba ta kuma tura ni sayen abincin gwangwani ko na buhu mai tsada da yake jere a kantarsu ba. Na lura da haka, kuma na yaba.

Inda muka yi doguwar magana shi ne batun allurar barci. Na ji tsoro ƙwarai, musamman saboda Fara ta manyanta kuma ta rame, na tambaya ko ba za a riƙe ta a kankare kantar haka nan ba, kamar yadda na ji wasu suna yi. Amsar da ta ba ni ita ce ta sa na amince da wurin gaba ɗaya. Ta ce, “Malam, idan na kankare abin da kake gani, zan faranta maka rai ne kawai, ita kuwa ciwonta yana nan, domin yana ƙarƙashin dasashi inda ba za ta taɓa bari in shiga tana farke ba.” Ta ƙara da cewa ƙarfe mai kaifi a bakin dabbar da take fizge-fizge yana iya yanka dasashi ko harshe, kuma kankara ba tare da an bi da gogewa ba tana barin ƙananan zane a jikin haƙori waɗanda dauɗa take saurin kamawa. Ba ta ɓoye mini cewa allurar barci tana da nata haɗari ba. Saboda haka aka ɗebi jinin dabbobin biyu a duba lafiyar ƙoda da hanta da yawan jini, aka saurari zuciyarsu, aka auna nauyinsu a sikeli domin a daidaita yawan magani, aka ce in hana su abinci tun dare amma in bar musu ruwa. An kuma ba ni takardar amincewa na karanta na sa hannu. Wanda aka ce za a sa wa dabbarsa barci ba tare da an auna nauyinta ko an tambayi lokacin da ta ci abinci na ƙarshe ba, shawarata ita ce ya ɗauki abarsa ya nemi wani wuri.

Ranar aikin na isa da ƙarfe takwas na safe. An bar ni na tsaya bakin ƙofa na ga farkon aikin Duna, bayan na roƙa. Da barci ya ɗauke shi, aka zura masa bututu a maƙogwaro domin ya riƙa numfashi kuma kada ruwan wanki da ɓarɓashin kanta su gangara huhunsa, aka kwantar da shi kansa ya ɗan yi ƙasa da jikinsa. Wani ma'aikaci yana tsaye ba ya yin komai sai lura da numfashi da bugun zuciya. Likitar ta fara ɓalle manyan kantar da wani abu mai kama da filaya, sannan ta ɗauko na'urar wanki mai siririn baki wadda take karkarwa da sauri tana fesa ruwa, irin dai wadda ake gani a wurin likitan haƙoran mutane. Ina kallo haƙori yana fitowa fari daga ƙarƙashin dattin shekaru. Bayan nan ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo tana zura shi tsakanin kowane haƙori da dasashi, tana faɗin lamba, ma'aikacin yana rubutawa. Daga baya ta gaya mini cewa a bakin kare mai lafiya wannan rami bai kamata ya wuce milimita 3 ba, a bakin mussa kuwa bai kamata ya wuce milimita 1 ba, kuma duk inda ƙarfen ya nutse fiye da haka, alama ce ta cewa abin da yake riƙe haƙorin ya fara cinyewa. Babban kare yana da haƙora 42, mussa tana da 30, kuma ɗaya bayan ɗaya aka bi su. Haƙorin Duna da ya fashe sai da aka raba shi kashi-kashi aka zaro kowace saiwa daban, aka ɗinke wurin da zaren da yake narkewa da kansa.

Na Fara ban gani ba, domin an ce in koma wurin jira. An cire mata haƙora huɗu. Biyu sun riga sun yi girgiɗi saboda ciwon dasashi, sauran biyun kuma wani ciwo ne da ya yawaita a mussoshi, inda jikin dabbar da kansa yake zaizaye haƙorin daga wuyansa har ya huda shi ya kai ga jijiya. Likitar ta nuna mini ɗaya a tafin hannunta, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, da rami ja a gefensa. Ta ce wannan shi ne abin da yake sa ta saki nama ta gudu, kuma ba a cike irin wannan rami, cirewa ce maganinsa. Na daɗe ina kallon ɗan haƙorin nan ina tuna makonnin da muka yi muna cewa tsufa ne.

Yanzu kuma ga abin da bai gamsar da ni ba, kuma ina faɗinsa ne da fatan a gyara. Mafi girma shi ne rashin na'urar ɗaukar hoton haƙori. Fiye da rabin haƙori yana ɓoye cikin ƙashi, kuma ba tare da hoto ba likita ba za ta iya tabbatar da halin da saiwa take ciki ba, ko ta san cewa ba a bar guntun saiwa a ciki ba bayan cirewa, abin da ya fi muhimmanci a irin ciwon Fara. Likitar da kanta ta faɗa mini wannan gibi kafin aikin, kuma na ga mutuncinta a kan haka, amma gibi dai gibi ne. Na biyu shi ne kuɗi. An faɗa mini adadi da baki a ranar farko, ranar biya kuma sai ya ƙaru saboda an cire haƙora fiye da yadda aka zata da kuma magunguna. Ƙarin yana da dalili, sai dai da an rubuta mini tun farko kuɗin gwajin jini daban, na barci daban, na wanki daban, na cire kowane haƙori daban, da na zo da shirina. Aikin ba mai arha ba ne, ya ninka kuɗin allurar rigakafi sau da yawa, kuma magidanci yana da haƙƙin ya san abin da zai fuskanta. Na uku, wurin jira ɗaya ne ga kowa, ga rago, ga kare, ga mussa, ga mai kaji a kwali. Fara tana cikin kwandonta tana makyarkyata saboda haushin wani kare da aka zaunar kusa da mu, har sai da na fita da ita inuwar bishiya. Labule ko benci guda a wani lungu zai magance wannan. Na huɗu, ɗakin da dabbobi suke farfaɗowa ba shi da isasshiyar iska, kuma da wuta ta ɗauke sai da aka ɗan jima kafin a tayar da janareto. Mu mun je ne a ƙarshen damina, amma wanda zai kai dabbarsa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ya nemi a yi masa aikin da sassafe, kuma ya tanadi mota mai rufi ko keke napep domin komawa, kada ya ɗora dabbar da ba ta gama wartsakewa ba a kan kabu-kabu cikin rana.

Bayanin kula da su a gida ma da baki aka yi mini shi, sai ni na nemi biro na rubuta. Ya kamata a ce akwai takarda bugaggiya da Hausa. Cikin abin da na rubuta akwai gargaɗin da ya tsorata ni, domin da ma Inna ta taɓa cewa a ɓalla wa Fara kwatan farasitamol a cikin madara, Allah ya sa ba mu yi ba. Likitar ta ce hantar mussa ba ta iya sarrafa wannan magani, ɗan kaɗan daga cikinsa yana lalata jininta ya kashe ta, haka kuma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna huda ciki su lalata ƙodar kare da mussa. An ba mu maganin rage zafi na dabbobi gwargwadon nauyin kowannensu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta ga Duna saboda mugunyar, aka ce a ba su abinci mai laushi na kimanin mako biyu kafin ɗinkin ya kame. A rana ta uku Fara ta cinye dafaffen kifin da aka murmushe mata, ta zauna a bakin ƙofa tana wanke fuskarta da hannu, abin da ta daina yi tun watanni. Inna ta yi shiru tana kallonta, sannan ta ce, “Ashe baiwar Allah nan ciwo take ji muna zaune.” Kumburin fuskar Duna ya sace cikin mako guda, kuma har yau bai dawo ba.

Da muka koma a duba ɗinki, likitar ta ce mini abin da ba kowane mai sana'a zai faɗa ba: wankin da ta yi ba zai daɗe ba idan ba a bi shi da goge baki a gida ba, domin dauɗar nan ta fara dawowa tun daren da aka yi aikin. A nan na sayi man goge bakin dabbobi na C.E.T., wanda kamfanin Virbac na ƙasar Faransa yake yi, mai ɗanɗanon kaza, tare da ɗan buroshin roba da ake sawa a yatsa. Man ba ya kumfa, kuma an yi shi ne domin a haɗiye, tunda dabba ba ta san kurkure baki ta tofar ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a amfani da makilin ɗinmu na mutane: akwai fuloraid a cikinsa wanda haɗiyarsa kullum take cutarwa, wasu kuma suna ɗauke da wani abin zaƙi da ake kira zailitol, wanda yake kayar da sukarin jinin kare farat ɗaya har ya iya lalata hantarsa. Man ya yi mini, domin dabbobin biyu suna lasarsa da son ransu, kuma bututu ɗaya yana daɗewa tunda abin da ake matsawa bai wuce ƙwayar wake ba. Aibinsa shi ne tsada da wuyar samu. Da ya ƙare na zagaya shagunan maganin dabbobi da dama a gari ban samu ba, sai da aka yi mini odarsa daga Abuja. Mai saye ya duba ranar lalacewa da kyau, ya kuma guji wanda ya daɗe a kanta yana shan zafi.

Buroshin yatsa kuwa ya dace da Duna amma ya yi wa bakin Fara girma, kuma ban ji daɗin kusantar yatsana da fiƙoƙinta ba. Ƙaramin buroshin jarirai mai laushi, wanda ake samu a kowane kemis, ya fi yi mini aiki a kanta. Likitar ta ce gogewar ita ce asalin maganin, man taimako ne kawai, saboda haka wanda bai samu man ba ya naɗa ƙyallen bandeji mai tsabta a yatsa ya jiƙa da ruwa ya goge, ya fi ya zauna jiran kaya daga Abuja. Gefen waje na haƙora ake gogewa, wanda yake fuskantar kumatu, musamman haƙoran tauna na sama inda kanta ta fi taruwa, ana karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Ba sai an buɗe bakin da ƙarfi ba, ɗaga leɓe ya isa. Kullum ake so, idan ya gagara to kada a wuce kwana biyu, saboda bayan haka dauɗar ta fara daskarewa.

Koya musu ya ɗauki lokaci, kuma a nan ne na ga gaskiyar cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mako na farko man kawai nake ba Fara ta lasa a yatsana bayan sallar isha'i, mako na biyu na fara shafa shi a fiƙarta, sai a mako na huɗu ta yarda buroshi ya kai ciki, kuma har yanzu ba ta ba ni fiye da rabin minti. Wanda yake da ɗan kwikwiyo ko 'yar mussa ya fara saba musu da taɓa baki tun suna da haƙoran nono, waɗanda suke 28 a kare, 26 a mussa, kuma suke zubewa a maye gurbinsu kafin dabbar ta cika wata bakwai. Duna ya fi sauƙin hali, amma matsalarsa nisa ce, tunda a garka yake kwana. Na koya wa yaron da yake kula da shi, na saya masa safar hannu da kofi da buroshin da ba a haɗa su da komai, ana wanke su a ajiye su daban, ana kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama. Na san da yawa daga cikinmu suna ƙyamar miyan kare, kuma wannan tsari ya ba mu damar kula da shi ba tare da mun shiga damuwa a kan tsarkin jiki ko tufafi ba. Dabbar da muka ɗaure domin ta tsare mana dukiya amana ce a wuyanmu, kuma ba na jin ya halatta mu bar ta da ruɓaɓɓen haƙori saboda ƙyama.

A kantar asibitin akwai kuma wasu abubuwan taunawa da aka ce suna wanke haƙori, da wani ruwa da ake ɗigawa a ruwan sha. Na tambayi likitar, ta juya ledar ɗaya ta ce in nemi tambarin VOHC, wata majalisar likitocin haƙoran dabbobi a Amurka da take ba da tambarinta ga kayan da gwaji ya nuna suna rage dauɗa ko kanta. Cikin kala uku da suke sayarwa, ɗaya ne kawai yake da shi, kuma ta faɗa mini haka a gaban mai kantar. Na saya wa Duna shi a madadin ƙashin saniya. Yana ɗan lanƙwasuwa idan aka matsa, kuma ƙa'idar da ta ba ni ita ce duk abin da farce ba zai iya yi wa alama ba ya fi ƙarfin haƙorin kare. Ruwan ɗigawar ban saya ba, domin na ji tsoron ya sauya ɗanɗanon ruwa Fara ta rage sha, a garin da ƙarancin shan ruwa yake da haɗari ga ƙodar tsohuwar mussa.

Idan aka tambaye ni ko zan tura wani wannan asibiti, zan tura shi, amma zan ce ya nemi a rubuta masa kuɗi dalla-dalla kafin a fara, ya tambaya ko za a sa bututun numfashi da kuma wanda zai tsaya lura da dabbar lokacin da take barci, ya kuma tambayi inda za a iya ɗaukar hoto idan ana shakkar saiwa. Wanda ya ji wari a bakin dabbarsa, ko ya ga tana tauna da gefe ɗaya, ko tana sosa baki da hannu, ko jan layi ya bayyana a gefen dasashi, kada ya jira sai ta daina ci kamar yadda muka jira. Wata bakwai ke nan da aikin. Jiya da dare na ɗaga leɓen Fara a ƙarƙashin fitila, dasashin ya koma ruwan hoda, sai dai na ga ɗan rawaya ya fara kwanciya a haƙorin can ƙarshe na hagu, inda ba ta cika bari buroshi ya kai ba. Na rubuta shi a bayan katinta domin in nuna wa likita idan mun koma duba na gaba, ranar da za a sabunta mata allurar rigakafin hauka.